Ranar da Gajimare Ya Tsayar da Rigakafin Awaki a Buji

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwar Yalwawa a Dutse, mu uku a motar ƙungiya: direba, likitar dabbobi, sai ni. A bayan mota akwai akwatin ƙanƙara cike da kwalaben rigakafin awaki da tumaki. Wani ƙauye a ƙaramar hukumar Buji muka nufa, inda aka yi wa masu dabbobi shela tun kwana uku.

Ni ba likita ba ne. Ni na rubuta manhajar da likita ke dubawa a waya ta ga dabbobin wa aka yi wa allura, na wa suka rage. Manhajar tana zaune ne a abin da muke kira gajimare, wato kwamfutocin haya a wata ƙasa, ɗaure cikin kwantena. Kwantena a wurinmu ƙunshi ne: manhaja da duk kayan da take bukata, yadda ko'ina aka ajiye ta za ta tashi. Shekara guda tana aiki lafiya lau.

Kwalta ta yi mana kirki har muka bar duwatsun Dutse. Da muka sauka burji, sai rami ya karɓi rami. Mun tsaya wurin wata mai ƙosai, ta ba mu guda bakwai a ɗari biyar, ƙanana kamar ana rowar wake. Direba ya ce ko ƙosai ma ya shiga tsuke bakin aljihu. Dariyar ƙarshe ke nan da na yi a ranar.

Mun iso da hantsi, mun tarar da fili ya cika. Mata da dattawa, kowa riƙe da igiya, wasu tun daga rugage suka tako da ƙafa. Likita ta buɗe manhaja, ta ƙi. Ta sake, ta ƙi. Na hau rufin mota da kwamfutata don a nan kaɗai ake samun sabis, na duba. Kwantenata tana tashi tana faɗuwa, tana tashi tana faɗuwa.

Ashe jiya da la'asar, wani ƙwararre da ƙungiya ta ɗauko daga birni ya kwashe komai ya mayar kan sabuwar babbar manhaja, irin wadda aka gina don kwantena kawai. Irinta ba ta yarda a rubuta komai a cikinta, kuma ba ta da ƙofar da mutum zai shiga ya gyara da hannu. Tawa kuwa sai ta ajiye bayani a wani lungu kafin ta tashi. Bai gwada ba. Bai tambaye ni ba. Ko saƙo bai turo ba.

Na kira shi, raina na tafasa.

"Yallaɓai, ka sauya mana tsari ranar jajibirin aiki?"

"Ai wannan ya fi tsaro," in ji shi. "Shi duniya ke yayi yanzu. Ka rubuto ƙorafi, zan duba bayan taro."

Bayan taro! Rana ta take, ƙanƙara na narkewa, akuyoyi na kuka, shi yana cikin sanyin ofis. Na roƙe shi ya ba ni izinin mayar da kwantenar tsohon wurinta, aikin minti goma. Ya ce wannan ya saɓa ƙa'ida.

Wata dattijuwa mai awaki biyar ta matso gindin mota ta ɗaga kai.

"Ɗan nan, an ce wai gajimare ne ya hana. Ni dai ban ga hadari ba."

"Ba irin wannan ba ne, Iya."

"To ko wane iri ne, ka ce masa jikata na gida ba lafiya, ni kaɗai ce mai dafa mata."

Likita ce ta yanke magana: aka sayo littafin makaranta a shago, na sauko na zama magatakarda. Tana allura, ina tambayar kowa da baki ina rubutawa. Aiki ya yi ta jan ƙafa. Kafin azahar ƙanƙara ta zama ruwa, dole ta rufe akwati, don maganin da ya ɗumama ba ya kare dabba. Mutanen rugage, da suka fi kowa nisa, su ne a ƙarshen layi. Suka juya da garkensu ba allura. Wani dattijo cikinsu ya ce, "Allah ya kai mu wani jiƙon," ba tare da ya kalle mu ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Sai la'asar muka gama tattara kaya muka kamo hanya. Mun shigo Dutse ana kiran magariba.

Har yanzu ina jin haushin ƙwararren nan, kuma na faɗa masa a gaban shugabanni. Sabon tsarinsa ba shi da laifi. Ganganci ne laifin. Amma ni ma ban tsira ba. Ni ɗan Jigawa ne, na san hanyoyinmu, na san sabis ɗinmu, duk da haka na gina abin da ba ya motsi sai kwamfutar wata ƙasa ta amsa. Washegari na fara gyara manhajar ta riƙa aiki a waya ko babu gajimare. Ranar Talata za mu koma rugagen, mu ne za mu taka mu same su.