Kitson Gwaggo Rekiya da Lambar Yaran Wurma

Rani biyu ke nan a jere ba a kafa bukkar masu agana a bayan garin Wurma ba. Filin da ake keɓe su a da, bana gyaɗa aka shuka a cikinsa. In aka tambayi Malam Abdulƙadir, mai lamba, wato mai rigakafin agana, da ya daɗe yana fitowa daga Dutsin-Ma a kan keke yana zagaya ƙauyukan Kurfi, yakan ambaci motar masu bindigar allura da ta zo bara waccan, sannan ya ambaci wata mai kitso. Sunanta Rekiya, amma Gwaggo kowa yake ce mata. Ba ma'aikaciyar En'e, hukumar gargajiya, ba ce. A ƙarshen kakar bana, ta 1969, ta ajiye kitso, domin yatsunta sun daina lanƙwasuwa.

Shekara da shekaru, da hantsi take fita, da kibiyar tsaga, da mataji, da ɗan ƙoƙon man shanu a ƙulle cikin gefen zane. Babu zauren da ake tsayar da ita. Gidan da namiji baƙo ba ya wuce soro, ita har ƙuryar ɗaki take shiga, ta zauna a kan turmi, uwar gida ta sa kai tsakanin gwiwoyinta. A nan take jin wanda ya kwana da zazzaɓi, da wanda aka daina fitowa da shi tsakar gida. Ita kanta agana ta kama ta tana ƙarama. Ta tashi da zanzana a fuska, idonta na hagu kuma bai ƙara gani ba.

Lokacin da Malam Abdulƙadir ya fara zuwa Wurma, wajen 1955, abu ɗaya ya dame shi. Yakan tsaga dantsen yara, ya ɗiga magani, ya ce a bari ya bushe a inuwa. In ya dawo bayan mako, sai ya tarar lambar ba ta kama ba sai ga kaɗan. Da farko ya zargi zafin rana, ya riƙa naɗe kwalaben da jiƙaƙƙen tsumma. Abin bai canza ba. Gwaggo ce ta gaya masa dalili, wata rana da ya tsaya shan ruwa a ƙofar gidansu. Yana juya baya, iyaye mata suke goge wurin da lemun tsami ko ruwan toka. Ba ƙiyayya ba ce, in ji ta. Sun ga hannun yaro yana kumbura, jikinsa ya yi zafi, ya hana uwa aiki, ga shi kuma lafiyarsa ƙalau kafin a taɓa shi.

Su biyun suka shirya. Ranar lamba, shi yana aikinsa a ƙofar gidan mai gari, ita tana cikin gidan ta shimfiɗa tabarma. Duk macen da aka yi wa ɗanta, sai ta shigo kitso, ko gyaran goshi in layi ya yi tsawo. Uwa na zaune, kanta a hannun Gwaggo, yaro a cinya, masu jira suna kallon juna. Kafin a tashi, lamba ta bushe. Matan garin sun lura cewa a irin wannan rana ƙananan kitso kawai take yi, mai cin lokaci.

Turai matar Manu, wadda yanzu ta aurar da babbar 'yarta, ita ta ba da labarin nata da bakinta, tana dariya. Ranar da aka yi wa wannan 'yar tata lamba tana ƙarama, ta zo da ɓarin lemun tsami a ɓoye cikin zane, kamar yadda surukarta ta umarce ta. Tana sa kai, Gwaggo ta ji ƙamshinsa.

"Turai, kunun tsamiya za a dama ne a nan, ko farfesu?"

"Gwaggo, ke dai ki yi mani kitsona."

Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Ta kama hannun Turai ta ɗora a kan kuncinta, ta bi da shi har gefen idon da ya mutu. Ta ce mata hannun yarinyar zai kumbura, ba ƙarya ba ne, za ta yi zazzaɓi, za ta yi rigima, sannan ɓawon ya faɗi ya bar tabo.

"Tabo guda a dantse, riga ta rufe shi," in ji ta. "Nawa wace riga za ta rufe?"

Turai ta ce lemun a miyar dare ya ƙare. Bayan mako Gwaggo ta leƙo wai don ta ga ko kitson ya tsefe, ta ɗaga hannun yarinyar, ta ga lamba ta kama. Haka take yi wa kowane gida. Inda ba ta kama ba, ta gaya wa Malam, a sake.

An ga amfanin wannan a ranin da agana ta shigo Wurma tare da wasu fatake, shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai. Manu, wanda kullum ranar lamba yake tuna yana da aiki a gona mai nisa, yana cikin waɗanda ta kama. Aka kai shi bukka. Da yake cutar ba ta kama mutum sau biyu, Gwaggo ce ta riƙa kai wa masu ciwon kunu, tana wanke musu idanu, tana ƙone tabarmin da duba-gari ya ce a ƙone. An rasa mutane a wannan rani, yawancinsu manya. A gidan Manu, yaran da suka kwana ɗaki ɗaya da shi kafin a gane ciwon, babu wanda ya kwanta. Shi ya tashi da zanzana. Har yau in ya gamu da ita a hanya yakan durƙusa ya ce, "Gwaggo, ga ɗanki mai kama da ke." Ita kuma ta tambaye shi ko gonar nan mai nisa ta yi albarka.

Gwaggo, ke ce kika zaunar da matan gari guda ba tare da kin ɗaga murya ba. Ba ki taɓa ce wa uwa lamba ba ta da zafi ba, shi ya sa suka yarda da sauran maganarki. Mai kibiya, mai ido ɗaya da ya ga abin da ke cikin ɗakuna, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya sassauta miki ciwon yatsu.

Masu kitso da ungozomomi da masu tallan fura na Kurfi da Birchi, duk kuna shiga inda mai lamba ba ya shiga. Motar allura ta zo ta wuce, amma kullum ana haihuwa, kuma jaririn da aka haifa bayanta ba shi da tabo a dantse. Ku riƙa ɗaga hannun yaro kuna dubawa, kamar yadda ta yi.

Gwaggo ta raba kayan aikinta ga 'yan uwa, ban da kibiyar. Ta ce akwai kitso ɗaya da ya rage mata, ko da yini zai ɗauke ta. Wata Bafillatana mai suna Inno, daga rugar da ke yamma da Birchi, ta haihu ana girbin gero, ta yi wa Gwaggo alkawarin kawo jaririn a yi masa lamba, ita kuma a yi mata kitso. Kafin ranar ta zo, mutanen rugar suka tashi da shanunsu suka yi kudu neman ruwa. Malam Abdulƙadir ya aika da saƙo ta bakin masu sayar da nono a kasuwar Dutsin-Ma. Har yau amsa ba ta zo ba, kuma ba a yi wa yaron lamba ba.