Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Dusar ƙanƙara ta rufe filayen Asahikawa a Japan, tseren 'yan motocin wasa masu rimot ya koma cikin zaure, kan darduma. A kantin da ake sayar da su, wani dattijo mai hular ulu ya shafe minti arba'in gaban motoci uku. Gudunsu bai dame shi ba. Kowacce sai ya tunkuɗe ta da yatsa, ya ga ko za ta kife. Biyu sun kife.

"Nonomura-san, har yau maganar bara ce?" in ji mai kanti.

"Daƙiƙa goma sha ɗaya!" in ji dattijon. "Motata tana kife, abokin hamayyata Tsurumi ne layi ya zo kansa na aikin tayarwa, ya tsaya sosa kunne. Haka kofin gasa ya wuce ni."

Da gani, kullum sai ya sake ƙirga daƙiƙun nan.

Sau biyar yana tunkuɗar ta ukun, ta ƙi faɗuwa. Ya rungume ta.

"To, a gasar ranar Asabar in ta Tsurumi ta kife, kai ma kunnen za ka sosa?" in ji mai kanti.

"Haba! Da gudu zan tayar masa, har in rusuna. So nake ya sha kaye, ya rasa abin fakewa."