Saniyar Bappa Ba Ta San Dala Ba

Duk mai fita sallar asuba a unguwarmu ta Talata Mafara ya san tarin babur ɗin Malam Hamidu. Sai ya buga ya ƙi, ya sake bugawa yana lallashinsa kamar jaki, sannan ya tashi. Daga nan sai gonaki: yau Garbadu, gobe Bakura, ranar kasuwa Maradun. Malamin gona ne, kuma a watan nan ya ajiye aiki. Ban ji an yi masa taro ba, shi ya sa na ce bari in yi masa nawa da alƙalami.

Malamin gona ɗan aike ne. Abin da aka yanke a sama shi yake saukowa da shi, in ya yi ɗaci shi ake harara. Da aka rufe iyaka aka ce kowa ya noma shinkafa, bakinsa aka ji. Da aka sassauta, ta waje ta karya farashi, shi aka tare a kasuwa. Amma ba mu taɓa ganin shekara irin wadda yaƙi ya ɓarke a wata ƙasa mai nisa ba. Dala ta hau, takin rangwame ya yi wuyar samu, na kasuwa kuwa sai kallo.

A shekarar ce gwaggona Marka ta fara maganar sayar da gonar da mijinta ya bar mata a Garbadu. Ƙasar ta gaji, ga jikoki a gabanta. Malam Hamidu ya je, suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ya ce, "Inna, kin tuna sadda shanu ka kwana gonar ga da rani?"

"Na tuna, Malam. Wancan zamani ne. Yanzu wa ka kiran mai shanu gonatai?"

Al'adar da yake nufi tsohuwa ce. Bayan girbi makiyayi ya sauke shanunsa a gonarka, su ci kara, su bar maka taki, kai kuma ka ba shi damin hatsi. Takin buhu ya sa aka manta da ita, rashin yarda ya binne ta. Malam Hamidu ya tafi wurin Bappa, makiyayin da kakanninsa ma nan aka haife su. Bappa ya ce, "Malam, in maraƙi guda yat taka shukar wani, ni da iyalina mun shiga ukku."

"To ku fara da tawa. In anka yi ɓarna, ni za a kama."

Kuma an yi ɓarnar. Wata safiya maraƙi ya tsinke ya shiga albasar Mas'ud, maƙwabcin gonar Malam Hamidu. Mutane suka taru, har an fara ɗaga murya. Waɗanda suke wurin sun ce Malam Hamidu bai yi dogon bayani ba. Ya ce laifinsa ne, ya tuɓe riga, ya ɗebo dashe daga tasa gonar, ya duƙa yana dasawa. Bappa ya duƙa kusa da shi. Kunya ta kama Mas'ud, shi ma ya kawo ruwa.

Labarin nan ne ya sa Marka ta ce a kawo mata shanun. Da kaka na je na ga geronta da idona, na yi murna ƙwarai. Damin farko gidan Bappa ta aika. Da wani mai son sayen gonar ya zo yana ce mata taki zai ƙara tsada, sai ta ce, "Shi ƙara. Saniyar Bappa ba ta san dala ba."

Malam Hamidu, kai ne ka san cewa in sama ta rikice, a ƙasa ake neman mafita. Kai ne ka sa gonarka da mutuncinka a tsakanin mutum biyu masu tsoron juna. Mun gode, Allah ya saka maka, ya ba ka hutu mai albarka. Ku kuma matasan da za su gaji aikinsa, in za ku kawo wa manomi shawara, ku fara gwada ta a taku gonar. Gonar Marka tana nan, jikokinta ne ke nomanta.