Sunan da Zulai'atu Ba Ta Faɗa

Duk mai sayen bandar kifi a Wara ya san Zulai'atu, mace mai baki kamar reza, wadda hayaƙi ya rine wa idanu tun tana amarya. Ba sunan da ba ta iya kwaɗawa a tsakiyar kasuwa sai guda, na ɗanta na fari, Tanimu. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ita kuwa in zancensa ya kama sai ta ce "wancan", ta kau da kai.

Wancan ɗin ya bi motar kifi zuwa Legas, ya zauna, ya auri Christiana, suka haifi Khaulat, yarinyar da ko zo in kashe ki ba ta ji da Hausa. Da aka aiko cewa za su zo Babbar Salla, hankalin Zulai'atu ya tashi. A ce jikarta ta zo har gida su zauna suna kallon juna kamar kurame? Sai ta ɗauki mayafi ta shiga ajin yaƙi da jahilci na Malam Elijah, bayan la'asar.

Abin dariya ne. Mata masu jikoki sun cika bencin yara suna rera "I eat, you eat, he eats" kamar kwaɗin damina. Zulai'atu ta ce Turanci ma munafuki ne, wanda ba ya wurin shi ake liƙa wa wutsiyar "s". Amma ta dage, tana juya kifi tana juya kalmomi, har ta fi kowa a ajin. Sau ɗaya kawai ta cije: ranar da malamin ya ce kowacce ta cire "he" ta sa sunan babban ɗanta. Matan suka riƙe baki, shi da kansa ya ba da haƙuri.

Baƙi suka iso jajibirin Salla. Yarinyar ta zo ta tsuguna kusa da murhun banda, Zulai'atu ta ɓare mata tsokar kifi, ta ce, "You eat fish?"

Khaulat ba ta karɓa ba. Ta dube ta ido cikin ido ta ce, "You hate my daddy. You never call him."

Kowace kalma ta shige ta. Ta gane an ce ta tsani ɗanta, an ce ba ta taɓa kiransa. Kifin ya suɓuce cikin toka, ta ji da ma ba ta taɓa taka ajin nan ba. Ta ja Christiana gefe ta tambaye ta inda yarinya ta samo wannan magana. Surukar ta sunkuyar da kai, ta ce da 'yar Hausarta, ai uban yarinyar ne yake faɗa. Yakan ce ya san al'ada ce, amma uwarsa ta bayar da shi, kuma har ya yi furfura bai san yadda sunansa yake a bakinta ba.

Zulai'atu ta juya ta hangi ɗanta. Ita da take ganin kawaicinta shi ne iyakar so, ashe yaron ciwo ya ɗauka ya tafi da shi Legas.

Yana tsakar gida yana ɗaure rago, maƙwabta mata na daka a gefe. Ta miƙe, ta share hannu a zani, ta buɗe baki.

"Tanimu."

Taɓare suka tsaya cak. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji tana salati.

Shi kuwa ya saki igiya ya juya wajen zaure, ya leƙa, bai ga kowa ba. Ya dawo yana waige-waige, ya wuce ta gaban uwarsa, ya tambayi matan, "Wa ke kirana?"