Yadda Rijiyoyin Bobi Suka Tafi Kamaru

A Kwantagora, in ka ce Malam Abdulkahar sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Na-Kamaru kowa zai nuna maka ofishinsa. Shi dai bai taɓa ƙetare iyaka ba. Rijiyoyi ne suka ƙetare a hannunsa.

Shi ke kula da taswira a wata ƙungiya mai gyara wa makiyaya da manoma rijiyoyi. Mutumin kirki ne, sai dai bai yarda da kowa ba. Kankana sai an yanka a gabansa, in aka ce an ga wata sai ya tambaya wa ya gani. Da jan igiyar awo a gonakin Nasko ya fara aiki, da girmansa ya koyi kwamfuta, ita ma har yau kallon tuhuma yake mata.

Wata damina aka tura Lukuman, sabon ma'aikaci mai iyali, ya je Bobi a babur ya ɗauko lambobin wurin kowace rijiya da wayarsa. Ya dawo da fayil na rubutu zalla: sunan rijiya, waƙafi, lamba, waƙafi, lamba, ba abin da ke nuna wacce ce ta arewa, wacce ce ta gabas. Malam ya buɗe manhajar taswira ya shigar da fayil ɗin. Ta nemi lambobi biyu, ya ba ta yadda suka zo, ta farko a gurbin farko. Ɗigo-ɗigo suka bayyana, amma ba a Bobi ba, ba ma a Neja ba. Ya yi ta jan taswirar, sai ga su jere cikin duwatsun Kamaru.

Malam bai yi mamaki ba, dama ya lura takalman Lukuman ba su da laka. A ransa ya gama shari'a: gindin mangwaro mutumin ya samu a Beri, kan hanyar Bobi, ya zauna ya ƙirƙiro lambobin. Ya kai maganar wurin Hajja, shugabar ƙungiyar, ta ce in ta tabbata, aikin Lukuman ya ƙare. Lukuman ya rantse, ya faɗi sunan arɗon da ya ba shi kindirmo, ya ce takalman wanke su ya yi. Malam ya ce rantsuwa ba ta shiga kwamfuta.

Don ya rufe bakin kowa, ya ce zai nuna wa Hajja yadda lambar gaskiya ke zama. Washegari ya tsaya a ƙofar gidansa ya ɗauki lambar wurin da tasa wayar, ya rubuta ta a ƙarshen fayil ɗin, ya shigar a gaban Hajja da Lukuman. Gidan ya faɗa Kamaru, kusa da rijiyoyin.

Hajja ta daɗe tana kallon ɗigon, sannan ta ce, “Malam, kai ma a Beri ka zauna?”

Malam ya cire hula ya mayar. Sai a lokacin ya duba da kyau: waya lambar arewa take fara bayarwa, manhaja kuwa ta gabas take fara nema. Ya musanya gurbin, rijiyoyi suka koma Bobi, gida ya dawo Kwantagora.

“Lukuman, ka je Bobi,” in ji shi. “Ka yafe ni.”

Lukuman na nan kan aikinsa, sunan Na-Kamaru kuma ya zauna. Tun daga ranar, duk fayil ɗin da ya zo hannun Malam sai ya sa gidansa a layin farko, ya ga inda ya sauka kafin ya tuhumi kowa. Kankana dai har yanzu sai an yanka.

Kwanan baya Lukuman ya durƙusa ya gaishe shi da safe, ya ce, “Kawu, yau a wace ƙasa aka kwana?”

Malam ko murmushi bai yi ba. Ya ce, “Uwargida ta ce Kwantagora ce. Amma bari in kunna kwamfuta tukuna.”