Sha'aibu Mai Dalma da Akwatin Busar da Tattasai

Malam Sha'aibu maƙerin fari ne a kasuwar Lafiya. Mahaifinsa ya zo daga Zariya da almakashi da guduma, ya kafa rumfa, ya mutu ya bar masa ita. Mazurari yake ƙerawa, da rariya, da magogin rogo, yana liƙe bokitin da ya huje da dalma. A aji huɗu na firamare ya bar makaranta saboda i'ina, don duk ranar da aka ce ya tashi ya yi karatu sai yara su fashe da dariya. Tun daga lokacin ya zama mutum mai ƙarancin magana, kuma ba abin da yake gudu kamar tsayawa gaban masu ilimin boko.

Maƙwabciyarsa a kasuwa wata Batibiya ce, Ngodoo, mai sayar da tattasai da agushi. A damunar shekarar 2003 'yarta Wandoo, wadda ke aji biyar a sakandare, ta zo rumfarsa da takarda a hannu.

"Baba, za a yi gasar kimiyya ta makarantu. Ina so ka ƙera mini wannan."

Zanen akwati ne mai rufin gilashi, cikinsa baƙi, da ƙofofin iska sama da ƙasa. Ta ce zai busar da tattasai da zafin rana, ba ƙuda ba ruwan sama, don kowace damuna rabin kayan mamanta ruɓewa yake yi.

Sha'aibu ya daɗe yana kallon zanen. "Su wa... su wa aka ce su yi aikin?"

"Ɗalibai."

"To, ni ba ɗalibi ba ne." Ya miƙa mata almakashi.

Ngodoo ta yi fushi. Ta ce shekara goma suna zaune wuri ɗaya, ɗan wannan taimako ya gagara? Mako uku Wandoo tana zuwa bayan an tashi makaranta. Ta ɓata falle biyu na kwano, ta yanke yatsu, sau ɗaya ta jefar da gudumar ta tafi tana kuka. Shi dai sai ya nuna mata a kan wani guntun kwano daban, ya koma aikinsa. Da akwatin ya haɗu, tattasan da suka saka ya bushe cikin kwana uku, jawur da shi.

Ranar gasar, shi ya turo akwatin a baro har babban ɗakin taron, jakar kayan aikinsa a kafaɗa don daga nan kasuwa zai wuce. Ya tsaya can baya kusa da ƙofa. Alƙalai uku ne, shugabarsu wata mata mai tabarau. Sun zo teburin Wandoo, ta fara bayani, sai wani malami daga wata makaranta ya ɗaga hannu.

"Madam, a yi haƙuri. Wannan ba aikin yarinya ba ne. Na san haɗin nan, na Sha'aibu mai dalma ne. Ga shi can ma a tsaye."

Kowa ya waiwaya. Mista Oliver, malamin kimiyyar su Wandoo, ya fara magana, matar ta dakatar da shi da hannu. Ta ce dokar a fili take: duk aikin da aka samu wani babba ne ya yi, za a kori ɗalibin daga gasar, a kuma hana makarantarsa shiga gasar baɗi.

Ta yafito Sha'aibu. "Malam, matso nan."

Ya tako a hankali tsakanin tebura.

"Kai ka ƙera akwatin nan?"

Ya buɗe baki. "Ni... ni... ni..." Maganar ta maƙale. Wasu ɗalibai suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Malamin da ya kawo ƙorafin ya ce, "Kun ji, ya ce shi ne."

Wandoo ta dube shi, idanunta sun cika da hawaye. Sha'aibu ya ga cewa in ya jira harshensa, za a yanke hukunci kafin ya kai ƙarshen jimla. Sai ya sauke jakarsa, ya zaro almakashi da guduma da ragowar kwano, ya ajiye a kan teburin.

"A ba... a ba ta," ya ce.

Matar ta dube shi ta saman tabarau, sannan ta juya ga Wandoo. Ta nuna ƙofar iska ta gefen akwatin. "Yi mana irin wannan. Minti goma sha biyar. Kai kuma Malam, ka ja baya, kada ka ce mata komai."

Yankan farko ya karkace, almakashin ya ci cikin layi. Aka yi guna-guni. Sha'aibu ya san gyaran, abu ne na kalma ɗaya, amma ya dafe bakinsa da hannu. Ta tsaya tana kallon kwanon, har alƙali ɗaya ya duba agogo. Can sai ta juya fallen, ta ja sabon layi da ƙusa, ta fara daga ɗaya gefen. Ta naɗe bakin a kan gefen teburi, ta bi shi da guduma, ta saƙa baki ɗaya cikin ɗayan ta danne. Saura minti biyu ta ajiye gudumar. Yatsanta na jini.

Matar ta ɗauki abin, ta kara shi da na jikin akwatin, ta miƙa wa malamin mai ƙorafi. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ajiye ya koma wurinsa.

Wandoo ce ta zo ta biyu. Wasu 'yan maza da suka haɗa ƙararrawar kama ɓarawo su suka yi na ɗaya. Sha'aibu bai tsaya rabon kyauta ba, yana jin an ce an wanke ta ya kwashe kayansa ya fice. Ya kai kasuwa ya zauna, amma har la'asar bai ɗauki guduma ba.

Bayan sati biyu wasu manoma daga Doma suka zo nemansa, sun ji labarin akwatin. Ya ce su jira mai shi ta taso daga makaranta. Ita ta auna musu, shi ya yanka, kuma da aka yi hutun makaranta sun ƙera guda bakwai tare. Wandoo ta wuce karatun aikin gona a Makurɗi. Sha'aibu ya ci gaba da zama a rumfarsa har 2009, lokacin da idanunsa suka daina ganin layin ƙusa a kan kwano, ya koma gida yana kiwon awaki.