Ranar da Aka Karanta Takardar Bankin Yaya Habu

Shekara uku ke nan cif da muka kai Yaya Habu makwancinsa, amma har yau ban iya bi ta ƙofar masallacinmu ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ma'ajin ƙungiyar manoman ƙauyenmu da ke bayan Ɗambatta. Lokacin da takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo, har mutum kan kai gero kasuwa ya dawo da abinsa, 'yan ƙungiya suka riƙa tura kuɗin taki ta waya cikin asusunsa. Da taki ya yi jinkiri, aka fara ƙus-ƙus. Aka ce ya bugo takardar banki a karanta a bainar jama'a. Ya roƙa a bar dattawa biyu su duba, aka ƙi. Har ni na ce, "Yaya, mai gaskiya ba ya tsoron takarda."

Bayan La'asar aka karanta a ƙofar masallaci. Ko kwabon ƙungiya bai yi ciwon kai ba. Amma mai karatun bai tsaya nan ba. Ya karanto kuɗin asibitin ƙoda, ciwon da Yaya ya ɓoye wa 'ya'yansa. Ya karanto kuɗin da Yaya yake tura wa Lami, matar amininsa marigayi Sale, wata bayan wata.

Wani ya sheƙe da dariya: "Ashe ma'aji na da wata ajiyar!"

Magana kuwa zarar bunu ce. Zuwa rijiya ma ya gagari Lami, ta kwashi marayunta ta bar garin. Yaya ya daina fita, kafin lokacin kaka Allah ya yi masa cikawa. Sai a zaman makoki Lami ta aiko mana da bayani: Sale ne ya bar masa amanar yaran, ya roƙe shi kada su tashi da sunan 'yan sadaka.

Yau ko mai ƙosai da waya take karɓar kuɗi, kowane ciniki yana barin sawu. Da Yaya yana raye, ina jin cewa zai yi kuɗin jama'a a baje su a faifai, amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mai dariyar nan shi ne ma'aji yanzu, kuma babu wanda ya taɓa neman takardarsa.

Me ya rage na Yaya? Marayu uku da ba su kwana da yunwa ba, da sirrin da ya riƙe har kabari. Amma shiga ƙauyenmu ka tambayi Habu ma'aji. Za a ce maka, "Wanne? Na Lami?"